Abin yi idan akwatin bincike ya ɓace daga kwamfuta

Ga masu amfani da manhajar Windows, akwatin bincike shi ne ɗan farin gurbin nan da ke ƙasan fuskar kwamfuta, inda mutum kan rubuta sunan takarda ko hoto ko wata manhaja, nan take kwamfuta ta zaƙulo masa.

Kamfanin Microsoft ya sa irin wannan gurbi a jerin Start tun a Windows Vista da ta fito a 2007, kana a 2015 ya fito da shi fili a Windows 10.

Tun daga nan jama'a da dama suka daina riƙe inda suka ajiye fayilolinsu, sun dogara ga bincike. Shi ya sa ranar da akwatin ya ɓace, wasu kan ɗauka ayyukansu ne suka salwanta, har su garzaya wurin mai gyara ya goge komai ya sake ɗora Windows.

A nan ne ake yin asarar ta gaske. Ɓacewar akwatin ba ta taɓa ko da fayil guda, amma goge kwamfutar kan tafi da su duka idan ba a kwafe su ba.

Ɓoye shi aka yi?

Galibi akwatin bai lalace ba, ɓoye shi aka yi bisa kuskure. Hanyar ganewa ita ce a danna maɓallin Windows tare da harafin S. Idan wurin bincike ya buɗe, to lafiyarsa ƙalau.

A Windows 10, sai a kai linzamin kwamfuta kan dogon layin nan na ƙasa da ake kira taskbar, a latsa ɓangaren dama, a zaɓi Search, sannan Show search box.

Sai dai akwai abubuwa biyu da kan hana wannan zaɓi bayyana: idan an kunna Use small taskbar buttons, wato an ƙanƙance alamomin layin, ko kuma an mayar da layin gefen fuskar kwamfutar. Microsoft na ba da shawarar a kashe na farko, a kuma dawo da layin ƙasa.

A Windows 11 kuwa, ana shiga Settings, sai Personalization, sai Taskbar, a nan a zaɓi Search box.

Idan yana nan amma ya sandare

Wani lokaci akwatin na nan, amma in an latsa shi ba ya motsi, ko ya nuna fili fayau ba komai.

Binciken wata 'yar manhaja ce mai zaman kanta, don haka ana iya tayar da ita ba tare da an taɓa sauran ba. A danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda domin buɗe Task Manager, a shiga Details, a nemi SearchHost.exe a Windows 11, ko SearchApp.exe a Windows 10. Tsofaffin samfuran Windows 10 na kiranta SearchUI.exe. A zaɓe ta a latsa End task. Babu abin fargaba, domin da kanta take sake tashi.

In hakan bai yi ba, a sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart. Wannan ya fi a kashe a kunna, saboda tsarin Fast Startup kan adana wani ɓangare na halin da na'urar ke ciki idan aka yi Shut down, har da matsalar da ake son rabuwa da ita.

Ba kuma kullum ne laifin ke ga kwamfutar mutum ba. A watan Fabrairun 2020, masu Windows 10 a ƙasashe da dama sun wayi gari akwatin bincikensu ba ya nuna komai. Microsoft ya ce tangarɗar daga na'urorinsa take, ya kuma gyara ta daga can. Dalili shi ne binciken Windows na haɗe da Bing ta intanet. Waɗanda suka yi haƙuri na 'yan sa'o'i ba su kashe ko sisi ba.

Bincike ba sakamako

Matsala ta uku ita ce a rubuta sunan fayil da aka tabbata yana nan, amma kwamfuta ta ce babu.

Windows ba ta bin faifan ajiya lungu-lungu duk lokacin da aka yi bincike. Tana da kundi, kamar na ma'aikacin laburare, inda ta jera sunayen fayiloli da wuraren da suke. Idan kundin ya dagule, alal misali sakamakon ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar aiki, sai binciken ya riƙa dawowa hannu rabbana.

Da farko a danna Windows da R, a rubuta services.msc, a duba ko Windows Search na aiki. Wasu kan kashe shi da niyyar ƙara wa tsohuwar kwamfuta sauri, su manta, ko su sayar da ita a haka.

Idan yana aiki, sai a shiga Control Panel, a buɗe Indexing Options, sai Advanced, a latsa Rebuild. Kwamfutar za ta jefar da tsohon kundin ta rubuta sabo. Aikin kan ɗauki sa'o'i idan fayilolin na da yawa, kuma kafin ya kammala sakamakon bincike ba zai cika ba, don haka gara a fara shi lokacin da ake da tabbacin wuta.

Akwai shawarwari birjik a intanet na a shiga Registry a sauya wasu lambobi. Wanda bai ƙware ba ya nisanci wannan, domin kuskure ɗaya a can na iya hana kwamfutar tashi ɗungurungum. Ya fi aminci a buɗe Command Prompt da izinin Administrator a rubuta sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows ya maye gurbin waɗanda suka lalace.

Masu Windows 10 su lura cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba ta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka kada su zauna jiran wani sabon gyara na akwatin bincike daga kamfanin.