Yadda ake daidaita ƙarfin murya a ƙaramin sutudiyon gida

A shekarar 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio 144, na'urar da ke ɗaukar sauti a layi huɗu kan kaset, kiɗa daban, murya daban. Daga nan ɗaukar waƙa ya fara shiga ɗakunan talakawa. Yau irin su Zoom R8 da Tascam DP-008 suna ajiye sauti a katin ƙwaƙwalwa, kuma a unguwa irin Ridina, da ke gunduma ta biyar ta birnin N'Djamena, ɗaki ɗaya da makirfo sun isa a ɗauki waƙar biki, bege, ko tallar da za a kai gidan rediyo. Matsalar da ta fi ɓata irin wannan aiki ita ce ƙarfin murya: ko ta yi ƙasa ta nutse cikin shuuu, ko ta yi sama ta fashe.

Ma'aunin da ke fuskar na'urar zamani yana ƙarewa ne a sifili, wato 0 dB. Kaset yakan jure idan an ɗan zarce iyaka, amma na'urar zamani yanke kan sautin take yi, kuma abin da ya yanke ba ya dawowa yadda yake. Mawaƙin da ya tara ƴan amshi ya biya su, sai ya sake tara su. Shi ya sa ake son murya ta riƙa yawo wajen -18, inda ta fi ƙarfi kuma kada ta wuce -6. Idan na'urar tana ɗauka a bit 24, a zaɓi wannan, domin yana barin sarari a ƙara ƙarfin daga baya ba tare da tayar da hayaniya ba.

Maɓallin da ke yin wannan aiki shi ne wanda aka rubuta wa GAIN ko TRIM, kusa da inda ake soka wayar makirfo. A yawancin na'urori, sandar da ake turawa sama da ƙasa abin da kunne ke ji kawai take canzawa. Wajen gwaji, kada a tsaya ga "ɗaya, biyu". Mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ya yi kirarin da zai yi, sannan a daidaita. Guɗa kuwa a ba ta layinta, mai yin ta ta ja da baya.

Tazara ma ma'auni ce. Kimanin taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, ya wadatar. Duk lokacin da tazarar ta ninka, ƙarfin yakan ragu da kusan dB 6, don haka mawaƙin da ke rangaji muryarsa za ta riƙa hawa da sauka. Matsowa sosai kuma yana kumbura murya. Baƙaƙe irin su f, b, ƙ da ts suna buga makirfo, amma siririn ƙyalle da aka ɗaura a zoben waya yana rage bugun.

Sai yanayin gari. A watan Afrilu zafin N'Djamena yakan haura digiri 40, ga yankewar wuta, ga janareta da babura. Makirfo mai buƙatar wutar 48V yana kwashe duk waɗannan. Irin su Shure SM58, wanda ya fito a 1966, sun fi dacewa da ɗaki mai hayaniya. A kashe fanka lokacin ɗauka, a rataye bargo bayan mawaƙi, a jingina katifa a bango. Wutar Chadi tana gudu a 50 Hz, kuma gurnanin da ake ji ƙasa-ƙasa sau da yawa daga nan yake. Aiki da batir ko kunna matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz yana rage shi.

Ƙara ƙarfi aikin ƙarshe ne, bayan an haɗa kiɗa da murya. Ƙa'idar R128 ta ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, wadda ta fito a 2010, ta tsayar da -23 LUFS, yayin da Spotify ke daidaita waƙoƙi wajen -14. Kafin a miƙa aiki, a saurare shi a ƙaramar lasifikar wayar hannu, domin a nan yawancin masu sauraro, daga Kousseri har Kano, za su ji shi. Idan kalmomin sun fito sarai a nan, muryar ta zauna.