Gajiyar da Ba Ta Gushewa: Alaƙarta da Barci, Fargaba da Matsin Aiki

Gajiya mai ɗorewa ita ce kasalar da ke ɗaukar makonni ba ta sake mutum ba, ko da ya huta. Sau da yawa tushenta ƙarancin barci ne, domin baligi yana buƙatar sa'o'i 7 zuwa 9 kowane dare.

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, hare-haren 'yan bindiga sun jima suna hana jama'a runtsawa. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma irin wannan tashin hankali kan bar mutane cikin kwanan zaune. Fargaba tana sa jiki ya yawaita fitar da sinadaran kotisol da adirenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya zama sama-sama. Mutum ya wayi gari a gajiye, gajiyar kuma ta ƙara masa zullumi.

Akwai kuma gajiyar da matsin aiki ke haifarwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a 2019 da alamomi uku: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aiki da raguwar ƙwazo. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda ta fi kamawa.

Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ciwon suga su ma suna jawo kasala. Idan ta zarce makonni biyu, a je asibiti a yi gwaji, a kuma guji neman ƙarfi da tiramadol ko yawan shan shayi da goro da dare.