Ƙurar Asbesto da Diyyar Leburan da Ba Shi da Takarda

Tungan Maje, a ƙaramar hukumar Gwagwalada, na cikin garuruwan da ke kwanar da masu gina Abuja. Da asuba kafinta da birkila da lebura suke fita bakin titin Zuba neman mota, su wuni suna gini ko rusau a cikin birni, su dawo da farar ƙura a jiki. Wani ɓangare na wannan ƙura asbesto ne, ma'adinin da aka daɗe ana cuɗawa da siminti a yi silin da rufi da bututun ruwa. Masana'antu a Ikeja da Enugu da Bauchi sun yi shekaru suna sarrafa shi, kuma yana nan cikin tsofaffin gidaje.

Muddin silin na zaune lafiya, haɗarinsa kaɗan ne. Sai an yanka shi da zarto ko an farfasa shi yake sakin zaruruwan da ido ba ya gani, su maƙale a huhu. Daga nan ake samun taurin huhu, da sankarar huhu, da sankarar tantanin da ya lulluɓe shi, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar asbesto a wurin aiki. Cutar kuwa takan yi shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana. Matsalar shari'ar duk daga wannan jinkiri ta taso.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ba ta manta da wannan cuta ba, domin asbesto na cikin jadawalin cututtukan aiki da ta lissafa. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma shigar da mai aikin wucin gadi, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A rubuce dai babu laifi.

To amma a ɗauki wanda ya yi leburanci lokacin da ake gaggawar gina birnin kafin ƙaurar gwamnati a 1991, yau kuma numfashi ya fara gagararsa. Wa zai ce ya yi wa aiki? Kuɗin yini ake ba shi a hannu, ɗan kwangilar ya rasu ko ya rufe kamfani, babu katin shaida, babu takardar albashi. Idan ya je asibiti da tari da rama, tarin fuka za a fara zato, kuma da dalili, tunda ya yi yawa a ƙasar nan. Ba kowane likita ne zai tambaye shi sana'ar da ya yi shekara talatin baya ba. Sannan doka ta ba shi shekara ɗaya ya shigar da buƙata, ko uku idan akwai uzuri na musamman. Mutumin da bai san sunan cutarsa ba, ta yaya zai kiyaye wa'adi?

Wasu ƙasashe sun ci karo da wannan katanga. A Birtaniya, shari'ar Fairchild ta 2002 ta sauke wa mara lafiya nauyin tantance ainihin wurin aikin da ya jawo masa cutar, sannan dokar 2014 ta kafa asusu domin waɗanda suka kasa gano tsohon mai aikinsu ko kamfanin inshorarsa. Irin wannan asusu nake ganin ya dace da mu, kuma ba baƙon tunani ba ne. Da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara, aka rasa hujjar wanda ya kashe shi, Annabi (SAW) da kansa ya biya diyyarsa raƙuma ɗari, bai bari jinin ya tafi a banza ba. Saboda haka iyalin da ke cewa sun bar wa Allah su sani cewa neman diyya bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba.

Kirana ga Majalisar Tarayya shi ne ta gyara dokar 2010: wa'adi ya fara daga ranar da likita ya tabbatar da cutar, a kuma karɓi shaidar abokan aiki inda babu takarda. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada kuma, don Allah, duk dattijon da ya zo da ciwon ƙirji a tambaye shi aikin da ya yi, a rubuta a katinsa.