Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Zuriyar Cipro da Gwajin Kano na 1996

Leburan da ya taso daga masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da zazzaɓi, sau da yawa kemis yake tsayawa ya sayi cipro, wai maganin taifod. Da wuya ya san cewa ƙwayar da ke tafin hannunsa 'yar'uwa ce ga Trovan, maganin da sunansa ya zama tabo a tarihin Kano. Tarihin wannan zuriya ya cancanci a bi shi, domin a cikinsa ne za a ga yadda kamanni ke yaudara.

Asalin gidan daga maganin zazzaɓin cizon sauro ya fito. A 1962, George Lesher da abokan aikinsa a kamfanin Sterling-Winthrop na Amurka suka bayyana sinadarin nalidixic, wanda suka kai gare shi ta wani gurɓi da ya ɓullo wajen haɗa kulorokwin. Ƙarfinsa kaɗan ne, bai wuce ciwon mafitsara ba. Sai masana suka bar ƙashin bayan sinadarin yadda yake, suna sauya rassansa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Kyorin na Japan ya samar da norfloxacin mai ɗauke da fulorin. Kamfanin Bayer na Jamus ya sauya reshe guda, ƙarin ƙwayar zarra ɗaya tak ta kabon, aka sami ciprofloxacin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987.

Me ya sa duk suke kashe bakteriya? Amsar ta fara fitowa a 1976, lokacin da Martin Gellert ya gano wani furotin mai suna gyrase. Zaren DNA na bakteriya yakan murɗe kamar igiyar guga, kuma gyrase ne ke yanka shi, ya ratsa wani ɓangaren ta cikin yankan, ya sake ɗinkewa. Furotin ɗin gaɓa huɗu ne: GyrA biyu, GyrB biyu. GyrA biyun nan tagwaye ne masu riƙe da juna ta fuskoki iri ɗaya, ta yadda idan aka juya ginin rabin zagaye zai koma kamar ba a taɓa shi ba. Tunda DNA tufka biyu ce, kowane tagwai tufka ɗaya yake yankawa. Maganin kuwa biyu-biyu yake shiga, ɗaya a kowane yanka, ya tokare wurin ya hana ɗinki, sai ƙwayar cutar ta mutu.

Wannan daidaito yana da nasa haɗarin. Ƙwayar gado ɗaya ce ke samar da tagwayen, don haka sauyi guda a cikinta yakan ɓata mazaunin maganin a ɓangarorin biyu lokaci ɗaya. Kuma da yake 'yan gidan a mazauni ɗaya suke sauka, bakteriyar da ta bijire wa ɗaya ta kama hanyar bijire wa sauran. Shan cipro barkatai, ko katse shi a tsakiya, hanyar nan yake sharewa.

Trovafloxacin na kamfanin Pfizer ƙane ne a wannan gida, mai fulorin uku maimakon ɗaya. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Ana tsakiyarta tawagar Pfizer ta iso Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ta gwada maganin a kan yara kusan 200: rabi Trovan, rabi ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu. Tun kafin nan an san magungunan gidan suna lahanta guringuntsin ƙananan dabbobi, shi ya sa ake ɗari-ɗarin ba yara su. An kuma riga an janye temafloxacin daga kasuwa a 1992, watanni kaɗan da fitowarsa, kuma yana da reshe irin na Trovan.

Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Pfizer ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Jaridar Washington Post ta fallasa lamarin a Disamban 2000, kwamitin Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi kuma ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa doka. Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin DNA. Shi kuwa Trovan, Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, ta taƙaita shi a 1999 saboda lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Asarar ba ta tsaya a kan waɗannan iyalai ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan na cikin hujjojin da ke bakin jama'a, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Furotin ɗin bakteriya yana karɓar 'yan gida ɗaya a mazauni ɗaya, amma hantar mutum takan bambance su ta reshe guda. Saboda haka kamannin sabon magani da tsoho dalili ne na a gwada shi, ba shaidar lafiyarsa ba. Gwajin kuma ba ya halatta sai uban yaron da uwarsa sun san abin da ake ba ɗansu, cikin harshen da suke ji.