Tarihin kiran neman agaji daga gida: daga wayar tangaraho zuwa salula a Dutse da kewaye

Kiran neman agaji daga gida shi ne hanyar da tsoho, ko majinyaci, ko mai naƙuda ke sanar da na waje cewa lalura ta taso. A Turai da Amurka an tanadi na'ura ta musamman don haka tun shekarun 1970: ɗan maɓalli ne da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu, in an latsa sai wani akwati da ke haɗe da wayar tangaraho ya kira cibiyar da ba ta barci. Wilhelm Hormann a Jamus da Andrew Dibner, wanda ya kafa kamfanin Lifeline a Amurka a 1974, suna cikin waɗanda suka share fagen.

Tsohon tsarin na analog ne. Akwatin kan tura 'yan sautuka ta wayar tagulla, cibiyar ta gane daga wane gida kiran ya fito. Babbar fa'idarsa ita ce layin yana zuwa da wutarsa daga ofishin waya, ko an ɗauke wutar gari yana aiki. Layin gida na dijital kuwa ta intanet yake bi, wuta na ɗaukewa ya mutu in babu batir, kuma ba kullum yake isar da sautukan tsohon akwati daidai ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa a Birtaniya, inda kusan mutum miliyan 2 suka dogara da na'urar, aka ɗage rufe tsohon layi daga Disambar 2025 zuwa Janairun 2027.

A Jigawa tarihin bai bi wannan hanya ba, don ba a taɓa samun tushen da za a ɗora na'urar a kai ba. Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta 1991, waya tana hannun NITEL, wanda aka kafa a 1985, kuma layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba har ƙarshen shekarun 1990. 'Yan layukan da suka iso Dutse ofisoshin gwamnati da gidajen manya suka tafi. Ko salular farko ta NITEL, mai lamba 090, analog ce, kuma ta masu hannu da shuni. Talaka in ciwo ya tashi cikin dare, yaro ake tura wa da gudu gidan ungozoma ko mai unguwa, a nemo amalanke ko babur.

Sauyin ya zo ne a 2001, da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Da farko minti ɗaya naira 50 ne, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa farashi ya fara sauka. Ke nan yawancin gidajen Dutse da Kiyawa da Jahun sun tsallake analog gaba ɗaya, wayarsu ta farko dijital ce.

Inda aka fi ganin amfaninta shi ne wajen haihuwa. A 2008, zamanin Gwamna Sule Lamido, jihar ta fara shirin Haihuwa Lafiya, wanda ya ba ƙauyuka motocin kai masu naƙuda asibiti. An kuma horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa irin wannan ɗauka. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara kula da haihuwa mai gardama da yoyon fitsari a babban asibitin Jahun. Abin da ya haɗa gida da mota da asibiti lambar direba ce, a cikin wayar maigida ko a rubuce da alli a bangon zaure. In kati ya ƙare sai a yi filashin, a zauna jiran kira. A nan rauni yake: wayar galibi tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwa, mai ciwon tana cikin gida.

Matsalar wutar da Birtaniya ke fargaba yanzu, da ita salula ta fara a Jigawa. Ranar kasuwar Shuwarin za ka ga teburin mai caji, janareta na ruri a gefe, wayoyi jere kowace da 'yar lambarta a manne. Tsofaffi sun fi riƙon ƙaramar waya mai madannai, mai kwana uku ba caji, kuma suna da gaskiya. A 'yan shekarun nan sola ta rage wahalar.

NITEL kansa an sayar da kadarorinsa ga kamfanin NATCOM a 2015. NCC ta ware lambar 112 don kiran gaggawa kyauta, tana kafa cibiyoyin karɓar kiran a jihohi. Sai dai amsa kira daban, isowar mota daban: a ambaliyar 2022 ruwa ya yanke hanyoyi a sassan jihar, ƙauyuka da dama sai da kwalekwale ake shiga.