Gwajin sankarar bakin mahaifa: yadda ake kai shi ga matan Hisfanik a Amurka

Mene ne wannan ciwo?

Sankarar bakin mahaifa ciwon daji ne. Ƙwayar cuta mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ke haddasa kusan dukkansa. Yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya bayyana, kuma da fari mace ba ta jin kome. Ku sani, gwaji ne ke gano shi tun ana iya magance shi.

Su wane ne matan Hisfanik?

Mata ne mazauna Amurka, ƴan asalin Meziko da sauran ƙasashe masu magana da Sifaniyanci. Ciwon ya fi kama su bisa ga sauran fararen matan ƙasar. Da yawa ba su da inshorar lafiya, gwajin kuwa da tsada. Wasu ba su jin Ingilishi. Wasu in sun bar aiki yini ɗaya, sun rasa kuɗin yinin. Ga kunya, ga tsoron a tambaye su takardun zama.

Me aka yi?

1. A 1990 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba mata matalauta marasa inshora damar gwaji kyauta ko da rangwame. Dokar 2000 ta buɗe hanyar biya wa waɗanda aka samu da ciwon kuɗin magani.

2. An horar da matan unguwa da ake kira promotora. Suna shiga gida gida, su yi bayani da harshen mutane, su taimaki mace ta samu ranar ganin likita.

3. A 2024 an yarda mace ta ɗauki samfurin gwajin HPV da hannunta a asibiti. Wannan ya rage kunya.

Darasi gare ku

Tsada da kunya da nisan asibiti suna hana mata gwaji a ƙasarmu ma. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 yana so mace ta yi gwaji kafin ta wuce shekara 35, ta sake kafin ta wuce 45. Ku tambayi ungozomar asibitinku inda ake yin sa. Jini bayan saduwa, ko bayan haila ta ɗauke gaba ɗaya, ba abin jira ba ne, a je asibiti. Maigida, ka ba iyalinka izini da kuɗin mota.