Frollo da Javert: masu neman kamala a littattafan Victor Hugo

Marubucin Faransa Victor Hugo (1802-1885) ya ƙirƙiro mutane biyu da suka haramta wa kansu kuskure, har abin da suka danne a zuci ya hallaka su.

Claude Frollo yana cikin Notre-Dame de Paris (1831). Babban limamin coci ne, ya duƙufa kan karatu, yana gudun mata. Ganin rawar Esmeralda ya tayar da sha'awar da ya binne. Da ta ƙi shi, sai ya miƙa ta aka rataye ta. Quasimodo, wanda ya rena tun yana ƙarami, ya turo shi daga saman cocin.

Javert kuwa yana cikin Les Misérables (1862). A gidan kaso aka haife shi, ya zama sufeton 'yan sanda marar sassauci ko ga kansa. Ya daɗe yana farautar Jean Valjean, wanda satar burodi da yunƙurin tserewa suka jawo wa ɗaurin shekara 19. A tawayen Yunin 1832 Valjean ya bar shi da rai. Daga baya Javert ya ƙyale shi, amma ya kasa daidaita tausayi da doka, sai ya faɗa kogin Seine.